Yadda masu jiragen yawon buɗe ido ke sa ido kan lafiyar murjanin teku

Kusan kowace safiya jiragen ruwa ɗauke da baƙi kan tashi daga tashoshin Cairns da Port Douglas da Airlie Beach, a Jihar Queensland da ke arewa maso gabashin Ostiraliya, su nufi tuddan murjani da ke can cikin teku. Baƙin sun biya kuɗinsu ne domin su leƙa ƙarƙashin ruwa su ba idanunsu abinci. A wasu jiragen kuwa, sau ɗaya a mako, wani ma'aikaci kan ɗauki allon da ruwa ba ya goge rubutunsa, ya faɗa teku daidai inda ya faɗa a makon jiya, ya rubuta zafin ruwan da yadda haskensa yake, da irin kifayen da ya ci karo da su, da duk wata alamar cuta da ya gani a jikin murjanin. Abin da ya rubuta yakan isa ofishin hukumar da ke kula da wannan yanki na teku a birnin Townsville.

Wannan shi ake nufi da sa idon masu harkar yawon buɗe ido kan lafiyar murjani. Hukuma ko jami'a ce ke horar da ma'aikatan jiragen baƙi da jagororin masu nutso, ta ba su fom da ƙa'ida guda, su riƙa tattara bayanai a wuraren da suke kai baƙinsu. Ana yin haka a ƙasashe da dama, amma ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi daɗewa da tsari shi ne na Ostiraliya mai suna Eye on the Reef, wato “ido a kan tudun murjani”, wanda ke gudana tun 1997.

Murjanin wuya da murjanin teku

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado da mata ke sawa a wuya, masu karatun Alƙur'ani kuma sun san kalmar daga Suratur Rahman. Wancan jan murjani an fi ciro shi daga Tekun Bahar Rum. Wanda ake magana a kansa a nan ɗan'uwansa ne, mai gina tuddai a ruwa mai ɗumi marar zurfi.

Duk da kamarsa da dutse ko reshen itace, murjani dabba ce 'yar mitsitsiya mai taushin jiki, wadda yawanci ba ta wuce ƙwayar gero ko ta wake ba. Dubbansu ke zama a manne da juna, kowacce tana fitar da wani sinadari mai tauri, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, ta gina wa kanta mazauni. Idan wasu suka mutu, na baya su ɗora gini a kan kufansu, har a cikin dubban shekaru abin ya zama tudu. Ginin ba ya sauri. Murjani mai rassa kan yi tsawon kimanin santimita 10 a shekara, mai kama da curin dutse kuwa da ƙyar yake ƙara santimita 1. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci ko mafaka.

Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da irin waɗannan tuddai, saboda Kogin Neja da sauran koguna na kwarara cikin teku da laka da ruwan da ba gishiri, murjani kuwa ruwan gishiri garau yake so. Sai dai alhazan da suka bi hanyar ƙasa ta Sudan a zamanin da sun gan shi, ko da ba su san shi ba ne: tsofaffin gidajen tashar Sawakin, da na tsohon garin Jidda, da tubalan murjani aka gina su.

Koɗewa

A cikin jikin murjani akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya gani. Su ke sarrafa hasken rana su samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe a haka makonni, sai zaman ya ɓaci, murjani ya kori baƙin nasa. Daga nan jikinsa kan zama garau, farin ƙashinsa ya bayyana. Wannan shi ne koɗewa. Murjanin da ya koɗe yana da sauran rai, yunwa ce ke cin sa. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo, in zafin ya zarce ya mutu, gansakuka ta rufe shi.

Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, tana auna wannan haɗari daga tauraron ɗan'adam ta hanyar tara yawan zafi da tsawon lokacinsa. Ƙarin digiri 1 na tsawon mako 4, ko digiri 2 na mako 2, duk maki 4 ne. Idan makin ya kai 4 ana sa ran koɗewa sosai, idan ya kai 8 ana fargabar mutuwa mai yawa. A watan Afrilun 2024 hukumar ta sanar da cewa duniya ta shiga babbar koɗewa karo na huɗu, bayan ta 1998 da ta 2010 da wadda ta ɗauki 2014 zuwa 2017.

Filin ya fi ƙarfin masu gadinsa

Jerin tuddan da ke gaban Queensland, wanda Turawa ke kira Great Barrier Reef, wato Babbar Katangar Murjani, shi ne mafi girma a duniya. Tsawonsa ya kai kilomita 2,300, kwatankwacin tafiya daga Kano zuwa Legas da dawowa, kuma ya ƙunshi tuddai kusan 3,000. Dokar 1975 ce ta mayar da shi gandun teku ta kuma kafa hukumar da ke kula da shi, sannan a 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Faɗin gandun murabba'in kilomita 344,400 ne, fiye da kashi ɗaya bisa uku na faɗin Nijeriya. Al'ummomin asali na yankin, rukunoni fiye da 70, suna da alaƙa da wannan teku tun kafin zuwan Turawa da dubban shekaru, kuma a yau wasu 'ya'yansu na aikin gadin gandun.

Masana kimiyya na da hanyoyinsu na duba shi. Tun 1985 Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Ostiraliya ke aika jirgi yana jan mai nutso da igiya a kewayen tudu, ana tsayawa bayan kowane minti biyu ya rubuta abin da ya gani. Aiki ne mai inganci, amma tuddai kimanin 100 yake kaiwa a shekara, kowanne sau ɗaya. A lokacin koɗewar 2016, Farfesa Terry Hughes na Jami'ar James Cook da abokan aikinsa sun duba tuddai 911 daga jirgin sama, suka tarar kashi 93 cikin 100 sun taɓu. Shi ma wannan hoto ne na 'yan makonni. Tauraron ɗan'adam kuwa zafin saman ruwa yake aunawa, bai san ko murjanin da ke ƙasa ya jure ko ya faɗi ba.

Giɓin da ya rage ke nan: me ke faruwa a tudu guda tsakanin ziyarar masani ta bana da ta baɗi? Wanda ke wurin kullum shi ne ma'aikacin jirgin baƙi. Jagoran masu nutso da ya shekara biyar yana shiga wuri ɗaya ya san curin murjanin da ke gefen igiyar jirgi kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa, kuma ranar da launinsa ya fara sauyawa shi ne zai fara lura. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da shirin ya yi shi ne mayar da wannan sani na ido zuwa rubutu mai ƙa'ida, wanda za a iya kwatanta na wannan mako da na shekaru goma da suka wuce.

Yadda ake aikin

Shirin Eye on the Reef hawa-hawa ne, gwargwadon horon mai duba. Hawa na ƙasa na kowa da kowa ne. Duk wanda ya ga kunkurun teku ko kifin shak ko murjanin da ya koɗe ko shara a ruwa, zai iya ɗaukar hoto ya tura ta manhajar waya, tare da wurin da ya gan shi.

Na gaba shi ne duba na gaggawa, wanda baƙo ko ɗalibi da ya sami ɗan horo zai iya yi. Mutum kan yi iyo na minti 10 yana ƙirga wasu halittu da aka zayyana masa a allo, sannan ya tsaya wuri guda ya juya ya duba kewayensa.

Hawan da ya shafi kamfanonin yawon buɗe ido kai tsaye shi ne duba na mako-mako. Kamfani kan zaɓi wurin da yake kai baƙi akai-akai, ma'aikacinsa da aka horar ya riƙa duba shi da ƙa'ida ɗaya. Yana auna zafin ruwa. Yana auna haskensa ta hanyar zura wani farin faifai da igiya har ya ɓace wa ido, ya rubuta tsawon igiyar. Yana lura da wasu kifaye da aka zaɓa saboda abin da kasancewarsu ke nunawa, kamar kifin da ake wa laƙabi da aku saboda bakinsa, wanda ke kankare gansakuka daga kan dutse ya share wa jariran murjani wurin zama. Sannan yana neman alamun lalacewa: koɗewa, ko cuta, ko tabon cizo, ko karayar da guguwa ko ƙarfen tsayar da jirgi suka haddasa.

A nan horo ke da muhimmanci, domin farin murjani iri-iri ne. Wanda zafi ya koɗar da shi namansa na nan a kan ƙashi, sai dai ya yi garau. Wanda wata dabba ta cinye ƙashi ne tsirara, da iyaka mai kaifi tsakanin inda aka ci da inda ba a ci ba. Wanda cuta ta kama kuma yakan nuna wani zobe, fari ko baƙi, da ke tafiya a hankali yana barin matacce a bayansa. Idon baƙo duka fari yake gani. Idan mai rubutu ya kasa rarrabe su, hukuma za ta zargi zafi alhali ɓarawon daban ne.

Hawa na sama shi ne binciken lafiya da ɓarna, wanda masu gadin gandun da masana da ƙwararrun ma'aikatan jiragen baƙi ke yi. Mai duba kan tsaya a tsakiya ya ƙiyasta abin da ke cikin da'irar da ta kai mita 5 daga inda yake: kashi nawa ne murjani mai rai, kashi nawa matacce, kashi nawa yashi ko gansakuka, kuma wace ɓarna ce ta fi yawa. Duk waɗannan bayanai rumbu ɗaya suke shiga. Da su hukumar ke haɗa rahoton lafiyar gandun da take fitarwa a kai a kai a lokacin zafi, da su kuma take yanke shawarar inda za ta tura jiragen masu gadi su tabbatar da abin da aka gani.

Tauraron teku mai ƙaya

Inda amfanin rahoton wuri ya fi fitowa fili shi ne yaƙi da wata dabba da ake kira tauraron teku mai ƙaya. Faɗinta kan kai na faranti babba, hannuwanta na iya kaiwa 21, kuma jikinta duk ƙaya ce mai dafi. Takan hau kan murjani ta fito da cikinta waje ta shimfiɗa a kansa, ta narkar da naman ta tsotse, ta bar farin ƙashi. Babba guda na iya cinye murabba'in mita 10 a shekara, macen kuma na zuba ƙwai miliyoyi a kaka ɗaya. Idan suna 'yan kaɗan ba su da illa, asalin 'yan gida ne. Matsalar ita ce lokacin da suka yi ambaliya kamar fara a gona.

An fara rubuta irin wannan ambaliya a tsibirin Green, kusa da Cairns, a 1962, kuma tun daga nan ta sake tasowa sau da dama. Masana da yawa na ganin takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonakin rake zuwa teku na ƙara abincin jariransu, wasu kuma na nuni da raguwar halittun da ke cin su. Wani bincike da cibiyar nazarin tekun ta fitar a 2012 ya nuna cewa Babbar Katanga ta rasa rabin murjaninta tsakanin 1985 da 2012, kuma kashi 48 cikin 100 na asarar guguwa ce ta jawo, kashi 42 wannan dabba, kashi 10 koɗewa. Daga 2016 zuwa yau koɗewa ta ƙaru ƙwarai, don an gan ta a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024, amma lissafin 2012 ya nuna girman ɓarnar tauraron.

Guguwa ba ta da magani, zafin teku ma mai jirgi ba shi da iko a kansa. Tauraro mai ƙaya kuwa ana iya kashe shi da hannu. A da sai mai nutso ya yi masa allura sau da yawa kafin ya mutu. Daga baya aka gano cewa allura ɗaya ta sinadarin da ake samu daga matsarmamar shanu ta isa, sannan masu bincike a Jami'ar James Cook suka nuna cewa ruwan khal na girki ma yana aiki, ga shi da arha. Ƙungiyar masu harkar yawon buɗe ido na gandun ta yi shekaru tana gudanar da jiragen wannan farauta da tallafin gwamnati. Nasarar aikin ta rataya ne a kan saurin labari, domin tauraro goma da aka gani a watan nan sun fi sauƙin kawarwa a kan dubu da za a tarar baɗi. Haka ma ake tsince wani ƙaramin dodon koɗi mai suna Drupella da ke cin murjani mai rassa.

Allon launi, ƙidaya da dashe

Akwai wasu shirye-shirye da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na hukuma. A 2002 masana a Jami'ar Queensland suka ƙirƙiro CoralWatch, wanda kayan aikinsa wani ɗan allo ne mai launuka huɗu, kowane launi da matakai shida daga mai haske zuwa mai duhu. Mai nutso kan kara allon kusa da murjani ba tare da ya taɓa shi ba, ya rubuta lambar wurin da ya fi haske da ta wurin da ya fi duhu. Sauƙinsa ya sa yaron makaranta ma na iya amfani da shi, kuma ya kawar da gardamar ko abu “ya ɗan yi fari” ko “ya yi fari sosai”.

A 2020 ƙungiyar Citizens of the Great Barrier Reef ta fara wata ƙidaya ta shekara-shekara, inda jiragen baƙi da na masu nutso da na masu zaman kansu ke ɗaukar hotunan tuddai, har da waɗanda ba a cika zuwa ba, sannan 'yan sa kai a ko'ina cikin duniya su taimaka wajen tantance hotunan ta intanet.

Wasu kamfanonin sun zarce daga duba zuwa gyara. Tun 2018 masana daga Jami'ar Fasaha ta Sydney ke aiki da masu jiragen Port Douglas da Cairns suna tsince gutsattsarin murjanin da ya karye, su rene su a kan wasu raga da ke rataye cikin ruwa, su dasa su a inda ya yi sanƙo. Wani mai jirgi a Port Douglas, John Edmondson, shi ya ƙirƙiro ɗan maƙalin ƙarfe da ake kafawa da ƙusa ya riƙe gutsuren har ya kama dutse. Dashen na gyara wurin da baƙi ke gani, amma a fili mai faɗin sulusin Nijeriya bai wuce ɗigon ruwa a randa ba, kuma masu shirin da kansu ba su ɓoye hakan.

Abin da kamfani ke samu

Ba don Allah kaɗai kamfanonin ke wannan aiki ba. Wani rahoto na kamfanin Deloitte a 2017 ya ƙiyasta cewa Babbar Katanga na samar wa tattalin arzikin Ostiraliya dalar ƙasar biliyan 6.4 a shekara da ayyukan yi kimanin 64,000, mafi yawansu a harkar yawon buɗe ido. Kamfanin da izininsa ya ɗaure shi da wasu 'yan wurare, in murjanin wuraren ya mutu, jarinsa ne ya mutu. Ban da haka, hukumar na ba kamfanonin da suka cika sharuɗɗan kare muhalli izinin aiki mai dogon zango, tana kuma karɓar wani ɗan haraji daga kowane baƙo don kula da gandun.

Annobar korona ta sauya tsarin ta wata fuska. Da Ostiraliya ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020, jirage suka zauna a tasha ba baƙi, kuma da tsayawarsu rahoton mako-mako ya shiga haɗari. A 2021 gwamnati ta fara biyan wasu kamfanoni kuɗi su fita teku su yi bincike, su kashe tauraro mai ƙaya, su kula da wurarensu, abin da ya riƙe wa ma'aikata aikinsu. Bayan an buɗe iyakoki a 2022 aka faɗaɗa shirin maimakon a rufe shi. Aikin da ya faro a matsayin sa kai ya koma, a wani ɓangare, kwangila.

Inda tsarin ke da rauni

Ƙarfin tsarin da rauninsa tushe ɗaya suke. Mai jirgi na ganin wuri ɗaya kullum, amma wurin da ya zaɓa ne saboda kyansa da kusancinsa da tasha. Hukumar gandun ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na yawon buɗe ido na faruwa ne a kashi 7 cikin 100 na yankin, wato gaban Cairns da Port Douglas da tsibiran Whitsunday. Can arewa mai nisa, inda koɗewar 2016 ta yi mummunar ɓarna, jiragen baƙi ba su cika zuwa ba. Sannan wurin da ake share wa tauraro mai ƙaya duk mako ba ya wakiltar wanda ba mai kula da shi. Duk wanda ya ɗauki rahoton masu jirage a matsayin hoton gandun baki ɗaya zai ga abin ya fi yadda yake kyau.

Akwai kuma canjin ma'aikata. Aikin jirgin baƙi na matasa ne, da yawansu 'yan ƙasashen waje da ke yin kaka ɗaya ko biyu su wuce, kuma ƙiyasin idon wannan ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Shi ya sa ake dagewa kan horo da hotuna, ake kuma kwatanta rahotannin da na masu gadi da na masana.

Babbar tambaya ita ce ta son rai. Mai talla ba ya son a ce hajarsa ta lalace. A lokacin koɗewar 2016 da bayanta, wasu jagororin harkar sun zargi masana da kambama ɓarnar har baƙi na soke tafiya. A shekarar ce kuma gwamnatin Ostiraliya ta sa aka cire duk ambaton ƙasar daga wani rahoton UNESCO kan sauyin yanayi da wuraren gadon duniya, bisa fargabar illa ga yawon buɗe ido. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, domin a 2016 ɗin wasu masu jirage da masu nutso sun rubuta wa Firaminista Malcolm Turnbull buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a ɗauki mataki kan sauyin yanayi. Abin da ke rage wannan haɗari a aikace shi ne yadda aka tsara fom ɗin. Ba a tambayar ma'aikaci ko tudunsa na da kyau, ana tambayarsa digiri nawa, mita nawa, tauraro nawa, kuma amsar ba ta shiga takardar tallan kamfani.

A wasu tekuna

Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Reef Check, wanda masanin teku Gregor Hodgson ya kafa a 1996, ya kuma gudanar da binciken farko a ƙasashe 31 a 1997. 'Yan sa kai, galibi ta hannun shagunan nutso, kan shimfiɗa igiyar awo mai tsawon mita 100, su duba kashi huɗu masu mita 20 kowanne, suna rubuta abin da ke ƙarƙashin igiyar bayan kowane rabin mita, suna ƙirga wasu zaɓaɓɓun kifaye. A Tailan kuma aka fara Green Fins a 2004 da goyon bayan Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi kamfanonin kansu yake dubawa, ko suna barin baƙi su taka murjani ko su ciyar da kifi, domin yawan baƙi ma cuta ne. Ƙasar ta rufe mashigin Maya daga 2018 zuwa farkon 2022 don ya huta daga jirage.

A Bahar Maliya, masu shagunan nutso na Hurghada a Masar ne suka kafa ƙungiyar HEPCA a 1992, bayan sun ga yadda ƙarfen tsayar da jiragensu ke farfasa abin da suke ci da shi. Suka shiga kafa igiyoyin ɗaure jirgi na dindindin a ƙasan teku, har yawansu ya haura 1,000, ta yadda jirgi zai tsaya ba tare da ya jefa komai a kan murjani ba.

Kudu da nan, a ruwan Sudan, akwai tuddan da masu nutso ke lissafawa cikin mafi kyau a Bahar Maliya. A Sha'ab Rumi ne Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gidajen zama a ƙarƙashin ruwa a 1963, kuma a 2016 UNESCO ta sa gandun Sanganeb da mashigin Dungonab cikin wuraren gadon duniya. Waɗanda suka fi ziyartar tuddan akai-akai su ne 'yan jiragen da ke ɗaukar masu nutso daga Port Sudan ko daga Masar su kwana da su a teku. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar a watan Afrilun 2023 wannan zirga-zirga ta ragu ƙwarai, a daidai shekarun da babbar koɗewa ta huɗu ke ratsa tekunan duniya.